Rajistar aiki: tayar da PinePhone da ta ƙi kamawa

6 ga Janairu, 2024

Wayar da ke kan teburi PinePhone ce, wayar Linux ta kamfanin Pine64, mai RAM 3 GB da ma'ajiyar ciki eMMC 32 GB. Ƙwaƙwalwarta Allwinner A64, aisin da ke rarraba wuta da caji AXP803, modem kuma Quectel EG25-G. Ta daɗe a ajiye da batir a cikinta. In an danna makunni, shiru. In an sa caja sai ta yi kamar za ta tashi, ta mutu, ta sake yunƙurawa, haka dai ba iyaka.

Ba a taɓa manhaja ba yau. An ɓalle murfin baya, an zare batir, an ɗora mita a kan + da −: kusan sifili. Wannan ba ya nufin batirin ya ƙare kwata-kwata. Akwai ɗan fanel na kariya a cikinsa da ke yanke hanya idan ƙarfin wuta ya faɗi wajen 2.5 V, don haka mita ba ta ganin ainihin abin da ke ciki. An saita na'urar ba da wuta ta teburi a 4.2 V, an taƙaita ta a 100 mA, an ba shi na ɗan lokaci, an cire, an sake aunawa: 2.62 V. Kariyar ta buɗe ke nan.

Da 2 V ko ƙasa da haka aka gani, ko kuma ya kumbura ko kaɗan, da nan maganarsa ta ƙare. Batirin lithium da ya yi ƙasa haka, tagullar cikinsa kan narke ta je ta taru inda ba a so, caji kuma zai iya haɗa shi ta ciki. Wannan bai kai nan ba. An bar shi a 150 mA har ya haye 3.0 V, sannan aka ɗaga zuwa 1 A, ana taɓa jikinsa lokaci-lokaci. Bai yi ɗumi ba.

Kafin ya cika an gwada babban fanel ɗin wayar shi kaɗai. PinePhone na tashi ba batir muddin caja na da ƙarfi, kuma tana duba katin memori kafin ma'ajiyar ciki. An rubuta Jumpdrive, ƙaramar manhajar ceto, a kati, an saka, an jona caja mai 3 A. Allo ya kawo. A64, RAM, AXP803 da allo duk suna raye. Modem da WiFi ba za su yi aiki a haka ba, domin daga layin batir suke shan wuta kai tsaye, saboda haka kada a yanke musu hukunci ba batir a ciki.

7 ga Janairu

Batir ya cika, ya huta, yana nuna 4.10 V. A ido lafiyarsa ƙalau, amma ƙarfin wuta ba tare da kaya a kai ba kusan bai faɗin komai. An rataya masa rezisto 10 Ω mai 5 W, ya sauka zuwa 3.93 V. Wutar da ke gudana 0.393 A, faɗuwa 0.17 V, turjiyar ciki ke nan kusan 0.43 Ω.

Ga inda lissafin ke ciwo. EG25-G na son 3.3 zuwa 4.3 V. A kan 2G, modem ba ya jan wuta a hankali. Fizga yake yi, har kusan 2 A na tsawon 577 µs, a kowane 4.615 ms. A ninka 2 A da 0.43 Ω, a samu 0.86 V. Batir yana 3.8 V, allo na cewa saura rabi, amma duk fizga sai layin ya faɗi ƙasa da 3 V. Modem zai mutu ya tashi, wani lokaci wayar duka ta ɗauke. Mai ita zai rantse manhaja ce, ya yi ta filashin, alhali ba a nan gizo ke saƙa ba.

An ajiye tsohon. Batirin PinePhone 3000 mAh ne, siffarsa ɗaya da na Samsung Galaxy J7 na 2015, jerin EB-BJ700, don haka samun madadi ba wuya. Wuyar ita ce samun wanda bai tsufa a kan kanta ba. Sabon da aka kawo an yi masa gwaji iri ɗaya: 4.02 V ba kaya, 3.97 V da kaya, kusan 0.13 Ω. Ya wadatar.

10 ga Janairu

Da sabon batir, ba kati, wayar na tsayawa a tambarin farko. Kafin a gyara komai an kwafe ma'ajiyar ciki. Jumpdrive na nuna wa kwamfuta eMMC kamar filas:

`dd if=/dev/sdX of=kwafi.img bs=4M status=progress conv=noerror,sync`

A duba `lsblk` sau biyu kafin a sa harafin da zai maye X. Kwafin ya kammala ba kuskuren karatu ko ɗaya.

Don a ga inda take maƙalewa an koma ramin abin saurare. Ƙarƙashin murfin baya akwai ƙananan makunnai shida: na 1 modem, na 2 WiFi da Bluetooth, na 3 makirufo, na 4 kyamarar baya, na 5 kyamarar gaba, na 6 ramin abin saurare. In an kashe na 6, ramin ya daina sauti ya koma UART, layin da waya ke turo wa kwamfuta rubutun abin da take yi yayin tashi. Ana buƙatar adaftar USB mai 3.3 V (mai 5 V na iya ƙona ƙafar A64) da filogi 3.5 mm: gindi shi ne ƙasa, kai da zobe su ne layukan karɓa da aikawa. Gudu 115200. In ba a ga rubutu ba a musanya kai da zobe, yawanci shi ke nan.

Rubutun ya nuna U-Boot, manhajar tayarwa, ya ga RAM 3072 MiB, ya ɗauko kanel, wato zuciyar Linux, kanel ya tashi, sai ya kasa ɗora babban sashen fayiloli. An koma Jumpdrive an yi `e2fsck -f` a kan sashen. Ya gyara tarin kurakurai irin na yankewar wuta ana tsakiyar rubutu, abin da batir mai 0.43 Ω zai yi ta jawowa. Bayan nan postmarketOS, Linux ɗin da ke kan wayar, ya tashi har allon shiga.

An duba ko ma'ajiyar kanta ta gaji: `life_time` da `pre_eol_info` a cikin `/sys/block/mmcblk2/device/`. Duk 0x01, wato ba ta ci kashi 10 cikin 100 na rayuwarta ba. Babu dalilin sake filashin.

13 ga Janairu

Matsala ta biyu: caja na jone, alamar caji na nan, amma in allo na kunne lambar kashin batir sai raguwa take yi.

Abin da kanel ke gani yana cikin `/sys/class/power_supply/`. A `axp20x-battery` akwai `status`, `voltage_now` da `current_now`. A `axp20x-usb` akwai `input_current_limit` da `voltage_min`. Lambobin a µV da µA suke. `input_current_limit` na nuna 500000. Wato waya ta ƙayyade wa kanta 500 mA, 2.5 W, ita kuma da allo a kunne tana cin kusan 2 W, in modem ya motsa ta wuce. Batir ne ke cike giɓin.

Me ya sa 500 mA a kan caja mai 3 A? Waya ba ta jan fiye da haka sai an gaya mata. Hanyoyin gaya mata biyu ne. Ta farko tsohuwar hanya ce, BC1.2: caja ta haɗe D+ da D−, waya ta gane ba kwamfuta ba ce, ta hau 1.5 A. Ta biyu layin CC na USB-C ne. Waya na da rezisto 5.1 kΩ zuwa ƙasa, caja na da nata zuwa 5 V, abin da ya fito a tsakani shi ne saƙon: 56 kΩ na ba da kusan 0.4 V, wutar USB ta asali. 22 kΩ kusan 0.9 V, 1.5 A, 10 kΩ kusan 1.7 V, 3 A. Kebul mai kai A a gefe guda 56 kΩ ke cikinsa, don haka ta CC ba zai taɓa cewa 3 A ba ko da cajar gwarzuwa ce. A PinePhone aisin ANX7688 ke karanta CC, kuma `dmesg | grep anx7688` na nuna abin da ya gani duk sa'ad da aka jona kebul.

Abu na farko da ya zo a rai shi ne sanannen lahanin VCONN, wutar da ake ba kebul ta ƙafar CC: a fanel 1.1 da 1.2, ƙananan makunnai biyu, U1305 da U1309, na janye layin CC zuwa ƙasa, maganinsu kuma a cire su ko a canza su. An gyara wannan tun 1.2a. `/proc/device-tree/model` ba ya bambanta 1.2 da 1.2a, amma mai RAM 3 GB daga 1.2a ta fara fitowa. Ba shi ba ne, kuma ayon ɗin narka dalma bai kusanci fanel ba.

Da kebul C zuwa C aka ga abin da ya tona asirin. A fuska ɗaya ANX7688 na ganin caja, iyakar ta hau 3 A. In an juya kan kebul, shiru, sai 500 mA. Kowace fuska da ƙafar CC tata. Ɗaya ke nan ba ta taɓawa.

An kashe waya, an cire batir, an leƙa bakin caji da madubin ƙara girma. Ƙasan ramin cike da audugar aljihu da ta dunƙule ta yi tauri, ga kore-koren tsatsa a ƙafafun gefe guda. An ƙwaƙule da tsinken roba, an wanke da sifirit 99 cikin 100 da ɗan burushi. Kebul yanzu na shiga har ya yi ƙas. Fuska ta biyu ta fara aiki, amma da an girgiza kebul sai ta yanke. Ƙafar ta ci. An yi odar ƙaramin fanel na ƙasa, mai ɗauke da bakin caji.

14 ga Janairu

Ana jira, an auna kebul uku da mitar USB. Waya mai kauri 28 AWG turjiyarta kusan 0.21 Ω ce a kowace mita ɗaya ta tsawo. Zuwa da dawowa 0.43 Ω. A 1.5 A ta cinye 0.64 V, abin da ke isa waya 4.4 V. AXP803 kuwa da ya ga layin ya kusa `voltage_min`, mafi ƙarancin ƙarfin wutar da ya yarda da shi, sai ya rage jan wuta don kada ya durƙusar da caja. Iyaka na iya nuna 3 A amma abin da ke shiga bai kai 1 A ba. Biyu daga cikin ukun sun faɗi. Gajere mai kauri ya riƙe 4.9 V a 1.8 A, shi aka ware wa aikin.

24 ga Janairu

Ƙaramin fanel ya iso. Bakin caji na kansa, fileks ne ke haɗa shi da babban fanel, ga siririyar wayar eriya da ke bi ta gefe. An cire batir, layi da katin memori, an kwance sukurorin firam, an ɗaga firam da farce daga kusurwa.

Wayar eriya ake fara cirewa, kuma a miƙe sama, da abin roba a ƙarƙashin kanta. In an ja ta gefe, soket ɗin kan taso daga fanel. Sai fileks. Fanel ɗin manne yake da gam. Ɗan ɗumi, iya wanda hannu ke jurewa, ya isa ya sake shi. Wajen mayarwa, kan eriya sai an daidaita shi daidai kafin a danna, a ji ya ce ƙas. In bai zauna ba waya za ta tashi lafiya, modem zai bayyana, sabis ne kawai zai yi rauni, a yi ta neman laifin a wani wuri. Sukurori a ɗaure su dai-dai wa daida: firam ɗin ne ke danne ƙafafun lasifika da na eriya, sako-sako ba sa taɓawa, tamau kuma roba ta tsage.

Fuska biyu duk suna ba da 3 A. Batir na 40 cikin 100, allo a kunne, `status` na cewa Charging, lamba na hawa.

`voltage_max_design` na kan 4200000. Batura masu 3.8 V irin wannan ana iya cika su har 4.35 V, kuma akwai masu ɗagawa don su ƙara ɗan lokaci. An bar shi yadda yake. Iyakar modem 4.3 V ce kuma a layin batir yake zaune, sannan cikawa zuwa 4.2 V na tsawaita ran batir. Ribar ba ta kai kasadar ba.

27 ga Janairu

Modem. Makunni na 1 a kunne. EG25-G kwamfuta ce mai zaman kanta, da nata Linux a ciki, tana ɗaukar kusan daƙiƙa ashirin kafin ta bayyana. `Eg25-manager` ke kunna ta. `lsusb` ya nuna 2c7c:0125, `mmcli -L` ya ga modem ɗaya, layi ya yi rajista. An yi kira mai tsawo a kan 2G da batir a 30 cikin 100, yanayin da tsohon batir ba zai ɗauka ba. Bai yanke ba, `dmesg` bai nuna modem ya ɓace daga USB ba.

An rubuta lambar manhajar cikin modem da `AT+QGMR` aka adana. Ba a canza ta ba. Akwai buɗaɗɗiyar manhaja da masu amfani da wayar suka haɗa, ana yaba ta wajen saurin farkawa in kira ya shigo, amma ba a sauya abu biyu a lokaci guda, kuma awon barci bai kammala ba.

3 ga Fabrairu

Da allo a kashe cikin dare ta cinye fiye da rabin batir. Ya yi yawa ƙwarai.

`current_now` ba ya taimakawa a nan, domin karanta shi ma sai A64 na farke. Lambar kashi cikin ɗari kuma ba abin dogaro ba ce tukuna, tunda AXP803 bai ga sabon batir ya cika ya sauka ba. Sai aka cire batir aka sa na'urar teburi a madadinsa: 3.9 V, iyaka 3 A, gajerun wayoyi masu kauri, da kafasito 1000 µF dab da ƙafafun waya don ya ɗauki fizgar modem. Sharaɗi ɗaya ba sassauci: kada a jona USB a wannan hali. AXP803 zai ɗauka batir ne ya fara tura wa na'urar wuta.

Allo a kunne, haske rabi: 480 zuwa 550 mA. Allo a kashe, a farke: wajen 240 mA. Bayan `rtcwake -m mem -s 300`: wajen 170 mA. Wannan na ƙarshe ne ba daidai ba. Waya ta ce ta yi barci, amma barcin zomo ne.

`cat /sys/power/mem_sleep` ya nuna `[s2idle]` kawai, barci marar nauyi, babu `deep`, barci mai nauyi. A cikin A64 akwai wani ƙaramin mai sarrafawa, AR100, wanda manhajar Crust ke gudana a kansa. Shi ke kashe manyan ƙwaƙwalen huɗu, ya sa RAM ta riƙe kanta, ya zauna gadi har kira ko makunni ya tashe shi. Crust na zuwa ne a dunƙule da U-Boot da Trusted Firmware-A. In an haɗa U-Boot ba shi, komai zai yi aiki sai barci mai nauyi. U-Boot da ke cikin wannan wayar haka yake.

An rubuta wanda ke da Crust ta Jumpdrive:

`dd if=u-boot-sunxi-with-spl.bin of=/dev/sdX bs=1024 seek=8`

Takwas ɗin nan KiB 8 ne, inda A64 ke fara neman manhajar tayarwa. A fara duba teburin sassa da `fdisk -l`. A kan teburi irin MBR wurin fili ne. A kan irin GPT na yau da kullum teburin ya kai KiB 17, rubutu a 8 zai tattake shi; a nan sai `seek=128`, wanda A64 ke dubawa shi ma, muddin sashen farko bai fara kafin ƙarshen fayil ɗin ba. Wannan MBR ce.

Yanzu `mem_sleep` na nuna `s2idle [deep]`. Barci da makunni na 1 a kashe: wajen 30 mA. Da modem a kunne da layi: 40 zuwa 50 mA, da ɗan tsalle lokaci-lokaci in yana magana da turken sabis. A kan 3000 mAh, sa'o'i sittin da wani abu ke nan a lissafin takarda.

5 ga Fabrairu

Allurar na'urar na tashi zuwa 240 mA kowane 'yan mintoci ta koma. Wani abu na tashin ta. `/sys/power/pm_wakeup_irq` na ba da lambar abin da ya tashe ta na ƙarshe, a nemi lambar a `/proc/interrupts`. WiFi ce, RTL8723CS, tana farkawa kan saƙonnin da rauta ke watsa wa kowa. An kashe farkawa ta WiFi. Abin da aka rasa shi ne saƙon intanet ba ya shigowa sai an kunna allo. Kira da tes na modem ne, suna tashin ta yadda suka saba.

11 ga Fabrairu

An mayar da batir, an bar shi ya sauka har waya ta kashe kanta, an cika shi ba yankewa, don ma'aunin AXP803 ya daidaita. Cikin sa'o'i takwas na barci da layi a ciki ta sauka daga 100 zuwa 88, wanda ya yi daidai da kusan 45 mA da aka auna.

Abu biyu ba su rufu ba.

Na farko, ta daskare sau ɗaya ana buɗe shafin intanet mai nauyi, ba saƙon komai a UART. Zafi a `thermal_zone0` bai kai inda A64 ke rage gudu ba. Zargi na kan gudun RAM. An saba 552 MHz a wannan waya, akwai U-Boot da ake haɗawa da 624, wanda ba kowace ke ɗauka ba, akwai kuma 528 ga masu rauni. Za a karanta na yanzu a `/sys/kernel/debug/clk/clk_summary`, a bar `memtester`, mai gwajin RAM, ya kwana a kan 1 GB tana caji. In ya kawo kuskure ko ɗaya, a sauka 528 a maimaita.

Na biyu, ƙarin batir ta baya. Ƙafafu shida masu sifirin da ke ƙarƙashin murfi sun haɗa da layukan saƙo na I2C, ƙasa, wutar fita da wutar shiga. Ta shigar a layi ɗaya take da VBUS, layin wuta na bakin caji, babu abin da ya raba su. Shi ya sa ake gargaɗin masu murfin kibod mai batir 6000 mAh da su yi caji ta bakin kibod, kada su jona komai a bakin wayar. Duk abin da za a haɗa a nan sai an sa masa abin hana wuta komawa baya. Dayod ɗin Schottky zai ci 0.3 zuwa 0.4 V, ya kai layin kusa da `voltage_min`, don haka an fi karkata ga MOSFET mai aikin dayod, ko a ɗaga mai bayarwa zuwa 5.3 V. Gwajin farko a kan na'urar teburi za a yi shi, da iyaka 500 mA, batir a ciki, bakin caji a toshe da tef.